Hawan jinin ido: Shin maganin ɗigawa na iya taɓa tantanin gani?

A cikin kwalin kowane maganin ɗigawa na hawan jinin ido akwai 'yar takarda a naɗe. Yawancin mutane jefar da ita suke yi. Waɗanda suka daure suka karanta, ko suka sa ɗansu ɗan makaranta ya fassara musu, sukan ci karo da jerin illoli masu tayar da hankali, ciki har da kumburi a bayan ido da ɓallewar tantanin gani. Daga nan wasu kan ajiye kwalbar a kan taga, su ce ba da su ba, ai gara ciwon da aka sani da maganin da zai ƙarasa ido.

Wannan shawara ta fi haɗari ga mutumin da ke nesa da likitan ido. Mazaunin Boɗinga ko Shagari, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, yakan shiga birni ne idan yana son ganin ƙwararre, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Asibitin Ƙwararru na jiha. Na Sifawa da Dingyaɗi da Kajiji da Dandin Mahe ma haka. Tsakanin wannan ganin likita da na gaba ana iya yin watanni, kuma a cikin watannin nan daga shi sai kwalbarsa sai mai kemis na unguwa. Ɗansa ko ƙanensa da ke kasuwanci ko aikin gwamnati a birni, wanda shi ke sayen maganin ya aika gida, shi ne sau da yawa ake yi wa waya a ce ido ya canja. Saboda haka ya kamata ya san amsar da zai bayar.

Amsar a taƙaice ita ce: illar da wasu magungunan ɗigawa ke yi wa tantanin gani gaskiya ce, sai dai ba ta da yawa, an san irin mutanen da ta fi samu, kuma mafi yawanta tana warkewa idan an gano da wuri. Ganin da hawan jinin ido ya cinye kuwa ba ya dawowa.

Mene ne hawan jinin ido?

Sunan da muka ba cutar yana ɗan ruɗarwa, domin ba jini ne ke hawa ba. Ido yana samar da wani ruwa garai-garai a sashensa na gaba, wanda ke ciyar da shi, sannan ya fice ta wata siririyar magudana. Idan magudanar ta gaza, sai ruwan ya taru, matsin cikin ido ya ƙaru, ya riƙa danne jijiyar gani wadda ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiran cutar gilakoma. A ma'aunin da suke amfani da shi, matsin idon yawancin masu lafiya yana tsakanin 10 da 21, ko da yake akwai masu cutar da awonsu bai wuce haka ba.

Nau'in da ya fi yawa a Najeriya ba ya ciwo, ba ya ja da ido. Daga gefe yake fara cin gani, ya bar tsakiya sai a ƙarshe, shi ya sa mutum kan ci gaba da ƙirga kuɗi da karatu alhali rabin ganinsa ya tafi. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007, inda aka duba idon sama da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna cewa kusan mutum 5 cikin 100 na wannan rukuni suna da cutar. Nazarin da Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta suka yi a kan sakamakon ya nuna cewa waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Cutar ce ta biyu wajen jawo makanta a ƙasar, bayan yanar ido. Bambancinsu shi ne, ana cire yana gani ya dawo.

Ina tantanin gani yake?

A can bayan ƙwayar ido, daga ciki, akwai wani siririn tantani da ke shimfiɗe kamar fatar ganga. Shi ne ke karɓar haske ya mayar da shi saƙo, jijiyar gani ta ɗauka. Likitoci na ce masa ratina. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da ake kira makula, wanda faɗinsa bai wuce na ƙwayar wake ba, amma da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura.

Mai hankali zai tambaya: ta yaya ɗigon da aka sa a gaban ido zai kai can baya? A idon da ba a taɓa ba, da wuya ya kai da yawa. Gilashin halitta da ke cikin ido, tare da 'yar jakar da ke riƙe da shi, sun zama kamar katanga tsakanin zaure da cikin gida. Idan aka cire gilashin, musamman idan jakar ta yage, to katanga ta faɗi. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya.

Magungunan da abin da aka sani a kansu

Za a kawo sunayen kamar yadda ake rubuta su a jikin kwalba, domin mai karatu ya iya dubawa.

Rukuni na farko shi ne na latanoprost da travoprost da bimatoprost. An fara amfani da latanoprost a 1996, sauran biyun kuma a 2001. Ana ɗiga su sau ɗaya da dare, suna buɗe wa ruwan ido wata hanyar fita, kuma su ne likitoci a ƙasashe da yawa ke fara bayarwa saboda ƙarfinsu. Illarsu ga bayan ido ita ce kumburin makula: ruwa ya tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin jini ya taru a tsakiyar tantanin. An fi ganin haka a idon da aka cire wa yana ba a sa gilashin roba ba, ko wanda jakarsa ta yage lokacin aiki, ko idon da ya taɓa kumburi daga ciki, ko wanda ciwon sukari ko toshewar jijiyar jini suka riga suka raunana. A idon da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin yana da wuyar faruwa. Har ila yau, nazarce-nazarce da dama a kan waɗanda aikin yanarsu ya tafi lafiya ba su ga ƙarin haɗari na a zo a gani ba. Wasu masu bincike a Japan sun nuna cewa sinadarin da ake sakawa don kada maganin ya lalace yana da hannu a kumburin da ke biyo bayan aikin yana. Idan likita ya canja magani, ya ba da na rage kumburi, yawanci makula kan koma daidai cikin makonni ko 'yan watanni.

Na biyu shi ne pilocarpine, dattijon magungunan. Daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Birazil aka samo shi, kuma tun shekarun 1870 ake ɗiga shi. Yana tsuke baƙin ido, yana jan wata tsoka da ke cikin ido domin magudana ta buɗe. Wannan jan ne kan iya yaga tantanin gani a inda yake da rauni, ruwa ya shiga ta ƙarƙashinsa ya ɗaga shi daga mazauninsa. Waɗanda ba sa hangen nesa sai da tabarau mai kauri, da waɗanda tantaninsu ya taɓa yagewa, da waɗanda aka yi wa aikin yana, su suka fi shiga haɗari. Batun ya sake tasowa bayan Amurka ta amince a 2021 da wani nau'insa mai suna Vuity domin masu wahalar karatu saboda shekaru. Cikin shekara guda likitoci suka fara ba da rahoton waɗanda tantaninsu ya yage ko ya ɓalle. Shi ya sa ake so a duba bayan ido sosai kafin a ɗora mutum a kansa. Ko ba wannan, yana dusashe gani da dare, yana kuma sa ciwon goshi.

Na uku shi ne epinephrine da ɗan'uwansa dipivefrin. Tun a 1968 likitoci biyu a Amurka, Kolker da Becker, suka bayyana yadda yake kumbura makula a idon da babu gilashi a cikinsa. An daina yayinsu a yawancin asibitoci, amma duk wanda ya ga sunan a kwalbarsa, kuma an taɓa yi masa aikin yana, ya tuntuɓi likita.

Na huɗu su ne masu rage yawan ruwan da ido ke samarwa, wato timolol, wanda ya fito a 1978 kuma ya fi yaɗuwa a nan saboda araharsa, da dorzolamide da brinzolamide. Waɗannan ba su cika taɓa tantanin gani ba. Inda ake lura da su shi ne idon da aka yi wa tiyatar buɗe magudana: idan matsi ya faɗi ƙasa ƙwarai, ruwa kan taru a ƙarƙashin shimfiɗar jijiyoyin jini da ke bayan tantanin, gani ya dusashe. Don haka wanda aka yi wa tiyata kada ya koma wa tsohuwar kwalbarsa sai da izinin likita.

Inda abin ya shafi ƙauyukanmu

Maganin ido tsohon ilimi ne a ƙasar Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kansa ya yi rubutu a kansa. Amma akwai wata tsohuwar dabara da zamani ya nuna illarta ta fi amfaninta, ita ce ta masu yawo gari-gari suna soka siririn ƙarfe ko ƙaya a ido, su ture yanar ta faɗa can ciki. Binciken ƙasa da aka ambata ya gano cewa cikin idanun da aka yi wa aikin yana, sama da huɗu cikin goma ta wannan hanya aka yi musu, abin ya fi yawa a karkarar Arewa, kuma mafi yawansu ba su samu ganin kirki ba.

Idon da aka yi wa haka ya haɗa matsala biyu. Turin yanar kansa yana iya haddasa kumburi da hawan matsi, wato mai idon zai buƙaci maganin ɗigawa. Sannan katangar da ke tare maganin daga bayan ido ta riga ta rushe. Dattijon da aka yi wa wannan aiki a ƙauye shekarun baya yakan ji nauyin faɗa wa likita, don gudun faɗa. Ɓoyewar ba ta da amfani. Likita zai fi zaɓar masa maganin da ya dace idan ya ji labarin tun farko, kuma wanda ya rako shi asibiti shi ya kamata ya buɗe baki idan dattijon ya yi shiru.

Abubuwan da ya wajaba a gaya wa likita kafin ya rubuta magani su ne: ko an taɓa yin aikin yana, a asibiti ko a gida, ko akwai ciwon sukari ko hawan jini, ko ido ya taɓa buguwa ko kumburi, ko ana sa tabarau mai kauri, ko akwai asma ko ciwon zuciya ko sikila, ko akwai juna biyu, da kuma duk wani magani da ake ɗigawa yanzu, har da na gargajiya.

Alamomin da ba a kwana da su

Hawan jinin ido daga gefe yake ci, a hankali. Matsalar tantanin gani kuwa takan zo cikin kwanaki ko makonni, kuma kamanninta daban ne.

Kumburin makula yana dusashe tsakiyar gani. Layukan littafin lissafi ko na Alƙur'ani su karkace, bakin ƙofa ya yi kamar ya lanƙwashe, fuskar mutum ta yi hazo alhali ana ganin abin da ke gefensa. Gwajinsa mai sauƙi ne: sau ɗaya a mako, a rufe ido ɗaya da tafin hannu a dubi miƙaƙƙen layi, sannan a rufe ɗayan. Da ido biyu a buɗe, mai lafiyar yakan rufa wa marar lafiyar asiri. Wanda ya ga canji ya nemi likita cikin 'yan kwanaki. A manyan asibitoci akwai na'urar OCT da ke ɗaukar hoton makula cikin mintuna, ba tare da an taɓa idon ba.

Yagewa ko ɓallewar tantani ta fi gaggawa. Alamominta su ne walƙiya a gefen ido ko da a cikin duhu, da baƙaƙen ɗigo masu yawa da suka bayyana farat ɗaya kamar ƙudaje ko saƙar gizo-gizo, da inuwa kamar labule da ke jawowa daga gefe ɗaya. Babu ciwo, kuma rashin ciwon ne ke yaudarar mutane. Wanda ya ga haka a Shagari da safe, ya kamata azahar ta same shi a Sakkwato. Yagewar da aka kama da wuri ana iya ɗinke ta da hasken leza. Idan tantanin ya ɓalle har ya kai makula, sai babbar tiyata a cibiyoyi irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma ba lallai gani ya dawo yadda yake ba.

Akwai kuma canje-canjen da ke tsorata mutane alhali ba su taɓa gani. Rukunin latanoprost na sa ido ya yi ja a makonnin farko, gashin ido ya yi tsawo, fatar gefen ido ta yi duhu, wani lokaci idon ya ɗan faɗa. A faɗa wa likita, amma ba dalilin ajiye magani ba ne.

A ɗora su a sikeli

A 2015 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Birtaniya a kan mutum 516 masu cutar. Rabi an ba su latanoprost, rabi an ba su ɗigon da babu magani a ciki. Cikin shekara biyu, ganin kusan 26 cikin 100 na waɗanda ba su samu magani ba ya ƙara lalacewa, a masu magani kuwa kusan 15 cikin 100. Wannan shi ne abin da mai ajiye kwalba ke saryarwa, don gudun illar da ƙila ba za ta taɓa samunsa ba. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

Hasali ma, illolin da suka fi yawa ba a bayan ido suke ba. Timolol yana bin hanyar hawaye ya sauka hanci, ya shiga jini, yana iya tayar da asma ko rage bugun zuciya. Brimonidine yana sa barci da bushewar baki, kuma ba a ba jarirai. Ƙwayar acetazolamide tana buƙatar taka-tsantsan ga masu sikila da masu ciwon ƙoda.

Babban abin tsoro kuwa shi ne kwalbar da ba likita ne ya rubuta ba. Lokacin hunturu, ƙura kan sa ido ƙaiƙayi da ja, mutane su sayi maganin ɗigawa mai ɗauke da dexamethasone ko betamethasone. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake komawa. Amma idan aka daɗe a kansa yana ɗaga matsin ido, yana iya haifar da hawan jinin ido ga yaro ko babban da ba shi da shi, yana kuma kawo yana.

Zafi, azumi da yadda ake ɗigawa

Ɗigo ɗaya ya isa. Na biyu zuba yake yi a kunci, ko ya ƙara yawan abin da ke shiga jini. Bayan an ɗiga, a rufe ido a danna lungunsa na wajen hanci da yatsa na minti ɗaya zuwa biyu. Idan magani biyu ne, a bar aƙalla minti biyar a tsakani. Kada bakin kwalba ya taɓa ido.

Yawancin nau'o'in latanoprost ana ajiye su a firji kafin a buɗe, bayan an buɗe kuma ba a so zafin wurin ya wuce digiri 25. A Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, kwalbar da ta wuni a aljihu ko a cikin mota tana iya rasa ƙarfinta. Inda babu wuta, a sa ta cikin leda a ɗaure, a ajiye a gindin randa. A sayi magani inda ake ajiye shi da kyau, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa. Hukumar tana karɓar rahoton illar magani, ta hannun ma'aikatan lafiya ko ta manhajarta ta Med Safety.

Watan azumi ma lokaci ne da wasu ke dakatar da magani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa ɗigon ido ba ya karya azumi matuƙar ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba, yayin da malaman Malikiyya ke tsanantawa idan ɗanɗanon ya kai maƙogwaro. Da sauƙi a fita daga saɓanin: mai sau ɗaya da dare ake ɗiga shi, mai sau biyu kuma a yi shi da sahur da bayan buɗa-baki, danna lungun ido kuma yana tare hanyar maƙogwaro. Mai sau uku ya nemi shawarar likita da malaminsa tun kafin wata ya kama.

Idan magani bai karɓi mutum ba

Ɗigawa ba ita kaɗai ce hanya ba. Ana iya sauya rukuni, ko a ba da nau'in da babu sinadarin adanawa a ciki. Akwai hasken leza da ake haska magudanar ido da shi cikin mintuna. A wani gwaji da aka yi a garin Moshi na Tanzaniya, wanda aka buga a 2021, ya yi nasara a kusan ido 61 cikin 100 bayan shekara guda, timolol kuwa a 31. Akwai kuma tiyatar buɗe sabuwar magudana, wadda likitoci kan ba da shawararta ga wanda cutarsa ta yi nisa, ko wanda tsadar magani da nisan asibiti za su hana shi ɗorewa. Tiyatar ba ta dawo da abin da ya tafi, tana tsare abin da ya rage ne, kuma ya kamata iyali su fahimci haka kafin a shiga ɗakin aiki.

Cutar tana bin jini. Idan an same ta ga uba ko uwa, 'ya'ya da 'yan'uwa na cikin haɗari fiye da sauran jama'a, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata a auna matsin idonsa a kuma duba jijiyar ganinsa, wanda ke da ita a dangi kuwa ya fara tun kafin haka. Ranar da za a kai dattijo asibiti a Sakkwato, a tafi da duk kwalaben da yake ɗigawa, sabo da tsoho, sannan wanda ya rako shi ya yanki kati shi ma a duba nasa idon.